Fiyano: Akwatin Da Ya Haɗiye Makaɗa Goma

A wannan mako zan ɗan jingine batun siyasa da na tsadar rayuwa, duk da cewa maganar da na ɗauko ba ta rabu da su gaba ɗaya ba, domin in yi tsokaci a kan wani abu da na gani a wajen biki makonni uku da suka wuce, wanda har yanzu bai bar raina ba.

Bikin na mutanen 'Yankuzo ne, amma a cikin garin Tsafe aka yi shi. Duk wanda ya san yankin ba ya bukatar a gaya masa dalili. 'Yankuzo gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Tsafe, kuma a 'yan shekarun nan sunansa ya fi fitowa a labaran 'yan bindiga fiye da na gero da dawa. Iyalin da suka gayyace ni suna cikin waɗanda suka raba ƙafa, gona da tsofaffi suna can, yara da wasu daga cikin mata suna Tsafe da Gusau. Amaryar 'yar wani tsohon abokina ce. Aka ce a taru bayan Azahar, a watse tun kafin Magariba, domin masu komawa gida su kama hanya da sauran rana. Shagalin da iyayenmu suke kwashe kwanaki suna yi, ga shi an dunƙule shi cikin sa'o'i uku.

Masu kiɗan da aka ɗauko mutum biyu ne kacal, daga Gusau. Ɗaya mawaƙi, ɗaya kuma yaro ne da bai wuce shekara 25 ba, wanda kowa ke kira mai fiyano. Na ga saukarsu daga kabu-kabu: lasifika biyu, ƙaramin janareto, jarkar fetur, da wani dogon abu naɗe cikin bargo da yaron ya rungume kamar jariri. Cikin minti 15 sun kafa kaya. Yaron ya danna wani maɓalli, sai ga ganguna sun tashi, ga wani amo mai kauri yana bin su ta ƙasa, ga sarewa, ga abin da ya yi kama da goge, har da tafi. Wanda ke bayan katanga zai rantse mutum goma ne a filin.

Ya kamata in ɗan yi bayanin wannan na'ura, domin mu Hausawa duk abin da ke da fararen maɓallai da baƙaƙe fiyano muke ce masa, alhali iri-iri ne. Wanda mawaƙanmu suka runguma shi ne mai raka kansa da kansa. Yawanci yana da maɓallai 61, kuma an raba su gida biyu. A ɓangaren hagu makaɗin yana danna sautuka biyu ko uku a haɗe, na'urar ta gane haɗin da ya danna, nan take ta tsara wa sauran kayan kiɗan da ke cikinta abin da za su yi. A ɓangaren dama kuma yana fitar da karin waƙar da muryar duk abin da ya zaɓa. Tsarin kiɗan da ke juyawa a ƙasa shi ne 'yan situdiyo ke kira sitayil, kuma kowane sitayil yana da mabuɗi, da jiki hawa uku ko huɗu daga mai sanyi zuwa mai zafi, da ɗan guntun kiɗa na sauya hawa, da kuma marufi. Kamfanonin Japan irin su Yamaha da Korg da Roland da Casio, da Ketron na Italiya, su ne suka fi shahara da ƙera shi. Asalinsa kuwa an yi shi ne domin mai son kiɗa ya nishaɗantar da kansa a falonsa, ko mutum ɗaya ya riƙe ɗakin cin abinci na otal. Ban zaci masu ƙera shi sun taɓa kawo filin biki a Tsafe cikin lissafinsu ba.

Shigowarsa ƙasar Hausa ta ƙofar fim ya bi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan yadda ɗakunan haɗa sauti na Kano, musamman na Iyan-Tama, suka fara aiki da fiyanon Yamaha samfurin PSR a shekarun 1990, da yadda kiɗan fim ɗin Sangaya ya sauya kunnen jama'a a ƙarshen waɗannan shekaru. Daga nan masu bege suka fara ajiye bandiri, mawaƙan siyasa suka biyo, sannan na biki. Kafin Kano ma, a Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗe-kiɗensa da irin dangin wannan na'ura tun 1978, rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna sa su tsakanin shirye-shirye. Saboda haka ba baƙon jiya ba ne. Yaran da suka yi rawa a bikin nan da amonsa aka yi musu suna.

Zan fara da faɗin alherinsa, domin na lura masu rubutu irina sun fi son kukan abin da ya wuce, kuma kukan yana da sauƙi ga wanda ba shi ne zai biya kuɗin mota ba. Ƙungiyar makaɗan gargajiya cikakkiya tana da uban kiɗa, da masu kalangu ko kotso, da 'yan amshi, da sanƙira, da yaran da ke ɗaukar kaya. Mota guda ce cur. Sai an ciyar da su, an ba su masauki, an sallame su. Uban amarya ya gaya mini cewa abin da ya biya waɗannan yara biyu ba zai isa ko shatar motar da za ta kwaso irin waccan ƙungiya ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda Tsafe ke kanta, babu mai son ya ɗauki alhakin rayukan mutum goma saboda shagalin yini guda. Mutum biyu da akwati suna iya shigowa da hantsi su fita da La'asar. Da babu fiyano, da bikin nan shiru za a yi shi, ko a kunna waya a jikin lasifika. Wannan kaɗai ya isa a yi masa adalci.

Akwai wani alherin da sai wanda ya tsaya kusa zai gani. Mawaƙin ya zo da dusasshiyar murya, domin a daren jiya ya yi wani wasa a Gusau. Da ya fara waƙar farko sai na ji yana ta faman kai wa sama, murya tana tsagewa. Ya juya ya yi wa yaron ido. Yaron ya taɓa wani ƙaramin maɓalli sau biyu, kiɗan gaba ɗaya ya sauko mataki biyu ba tare da ya tsaya ba, mawaƙin ya samu wurin zama a cikin muryarsa ya ci gaba. Mai gurmi ko kukuma sai ya tsaya ya sassauta tsarkiya kafin ya yi wannan. Haka kuma na'urar tana ajiye tsarin kowace waƙa a ƙwaƙwalwarta, ta yadda da an ce a juya daga waƙar amarya zuwa ta iyayen ango, dannawa ɗaya ce. Ba ta gajiya, ba ta fushi a kan rabon liƙi, ba ta makara. Yaron kuma da ita yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa, ya ce mini a wani situdiyo a Gusau ya koya, yana share-share ana barinsa ya taɓa idan babu aiki. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A tsohon tsari, wanda ba a haife shi a gidan makaɗa ba da wuya ya samu ƙofar shiga. Wannan akwati ya buɗe ta.

To, ga abin da ya faru.

Tun da aka fara na lura da wani dattijo a gefen rumfa, zaune a kan tabarma, da kalangu a gefensa. Babu wanda ya ɗauko shi. Na tambaya, aka ce makaɗin gidan su ango ne tun kaka da kakanni, shi ma tashin hankali ne ya kawo shi Tsafe. Makaɗi irin wannan ba ya jiran katin gayyata, ya ji ana biki a gidan iyayen gidansa, ya saɓo kalangunsa ya zo. Sai dai ya tarar da lasifika biyu, kowace ta kusa kai shi tsawo, don haka ya nemi wuri ya zauna.

Can wajen La'asar sai ga wani kawun ango ya shigo fili, babban mutum daga gidan mahauta, da babbar riga da kuɗi a hannu. Kalangu kuwa, kamar yadda aka sani, tun asali kiɗan mahauta ne, kuma kowane gida mai suna yana da takensa. Mutumin ya tako har tsakiyar fili ya tsaya, yana jiran abin da ya saba ji duk inda ya shiga taro tun yana saurayi. Fiyano yana ta zuba kiɗansa mai daɗi, irin wanda ya yi wa ƙawayen amarya minti biyar da suka wuce. Mawaƙin ya karanto sunan mutumin daga takardar da aka miƙa masa, ya haɗa da kalmomin yabo da za su dace da kowane mai kuɗi a Nijeriya. Dattijon ya tsaya kamar wanda ya yi sallama ba a amsa ba. Na ga hannunsa ya fara komawa aljihu.

A nan yaron ya yi abin da ya sa nake girmama shi. Ya ɗaga kai, ya ga abin da ke faruwa, ya dubi tsohon da ke kan tabarma, sai ya kashe kiɗan ɗif. A cikin wannan shiru kalangu ya yi magana. Ban san kalmomin taken ba, amma rabin filin sun sani, domin tsofaffin mata sun ɗauki guɗa tun bai kai ƙarshe ba. Mutumin ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya taka, ya juya, babbar riga ta buɗe. Kuɗin da suka kusa komawa aljihu a goshin tsohon suka ƙare.

Yaron bai yi zuciya ba. Ya saurari bugun tsohon, ya ƙwanƙwasa wani maɓalli daidai da shi har na'urar ta kama gudun kiɗan, ya shigo da ita a hankali ta ƙasa. Na kusan minti ɗaya abin ya yi kyau ƙwarai, har tsigar jikina ta tashi. Daga nan mai rawa ya ƙara wuta, tsohon ya bi shi, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda kunne ba zai ce ga inda aka ƙara ba. Na'urar kuwa tana nan a kan lambar da aka sa mata. Suka fara saɓawa, kamar mutum biyu da ke ɗauke da gado ɗaya kowa da takunsa. Yaron ya sake kamo shi, ya sake kuɓuce masa. A karo na uku ya yi dariya ya janye hannunsa.

Bayan an lafa na je na durƙusa na gaishe da tsohon. Na ce, “Baba, yaya ka ga kiɗan yaran nan?”

Ya ce, “Mallam, wanga abu ya iya kiɗi, ba ni hana mai. Amma ba ya ji, kuma ba ya gani. Ni idona na bisa ƙahwar mai rawa. In ya taso in taso mai, in ya gaji in sassauta mai. Shi ko wanga, kai ka bin shi.”

Na daɗe ina karanta abin da masana suka rubuta a kan kiɗan Hausa, amma ban taɓa jin an taƙaita matsalar fiyano kamar haka ba. A tsarinmu na gado, mawaƙi ne gaba, makaɗa suna biye. Idan Mamman Shata ya ga wani ya shigo, yana iya tsayar da ɗan waƙar da ya ɗauko, ya yi zance, ya yi zambo, ya ja wata gaɓa har sai numfashinsa ya ƙare, masu kalangu suna jiransa, kuma duk inda ya sauka a nan za su tare shi. Fiyano yana ƙirga bugunsa ne, huɗu-huɗu ko shida-shida, a kan adadin da aka ƙayyade masa a minti. Idan mawaƙi ya makara da rabin bugu, ba za a jira shi ba. Sannu a hankali mawaƙan zamani suka koyi yanka maganarsu daidai da awon na'ura, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ɗiyan waƙoƙin yanzu suka zama gajeru masu tsawo ɗaya, kamar bulon da aka buga a inji guda. Akwai maɓallin ƙara gudu da rage shi, gaskiya ne, amma hannu biyu ne da yaron, kuma dukansu suna kan aiki.

Batun take ya fi wannan zurfi. Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, kuma da su ake bambanta kalmomi. Kalangu yana da tsarkiyoyi da suka haɗa fatun bakinsa biyu. Makaɗi yana matse su a hammata fata ta ɗaure amo ya hau, ya saki amo ya sauka. Da wannan hawa da sauka, da tsawon gaɓa da gajartarta, yake kwaikwayon magana har wanda ya san taken ya ji sunan kakansa. Abin da ke cikin fiyano kuwa hoton bugu ne: an naɗi amon ganga sau ɗaya an ajiye, duk lokacin da aka taɓa maɓalli a sake fito da shi yadda yake. Ƙwararren yaro zai iya jera irin waɗannan hotuna, ya murɗa ɗan gargaren da ke gefen hagu domin amo ya lanƙwasa, ya samar da wani abu mai kama da take. Amma kafin nan sai ya san taken, kuma taken gidan mahautan 'Yankuzo ba ya cikin kowace na'ura da aka ƙera a Japan. Yana cikin kan wannan tsoho da ke zaune a kan tabarma ba a gayyace shi ba.

Akwai kuma wani saɓani tun daga tushe. An gina basirar wannan na'ura a kan kiɗan Turawa, inda haɗin sautuka ke sauyawa a ƙarƙashin waƙa, kuma kowane zango an raba shi gida 12 daidai wa daida. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke yawo, kuma ƙungiyar kotso ko kalangu ba ta san wani sauyin haɗi ba, ganga ce da murya da amshi. Shi ya sa za ka ga mai fiyanonmu ya dafe haɗi biyu ko uku yana juya su har waƙa ta ƙare, rabin hikimar da aka saya da tsada tana kwance ba a taɓa ta ba, ɗaya rabin kuma yana jan waƙar zuwa Indiya ko Jamaika ba da niyyar kowa ba. Larabawa da Turkawa da Indiyawa sun fuskanci irin wannan, amma da yake kasuwarsu babba ce, sai kamfanonin suka bi su. Yamaha tana da samfurin PSR-A mai maɓallan gyara sauti domin karin Larabawa, tana da PSR-I mai ɗauke da gangunan tabla domin Indiya. Mawaƙin biki na Siriya, Omar Souleyman, ya zagaya duniya da mai fiyano ɗaya a bayansa, kuma duk wanda ya ji ya san kiɗan ƙauyukansu ne. Mu kuwa, da yawan da muke taƙama da shi daga Zamfara har Damagaram, har yau ban ga wanda aka ƙera da kunnen Bahaushe ba.

Abin da yaranmu suke yi shi ne su ƙirƙiri nasu sitayil a situdiyo, su loda amon kalangu da na shantu da na ƙwarya da wani ya naɗa, su riƙa tura wa juna ta filas da WhatsApp. Wannan ƙoƙari ne abin yabo, sai dai yana da nasa illa. Sitayil ɗaya mai daɗi yana fita yau, kafin wata ya ƙare ka ji shi a Gusau, ka ji shi a Bunguɗu, ka ji shi a Ƙauran Namoda, a bakin mawaƙa ashirin. A da, mai sauraron rediyo yana rarrabe kotson Musa Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru tun kafin murya ta fito. Yau sai mawaƙi ya ambaci sunansa a farkon waƙa, in ba haka ba ba za ka san ko wane ne ba, kuma ina zargin su ma sun san haka, shi ya sa suke ambata.

Tunda na ambaci Ɗanƙwairo, bari in tsaya a kansa kaɗan, domin mutanen Tsafe suna da haƙƙi a kansa. Waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu tana cikin waɗanda har gobe ba a daina saurare ba. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, bai faɗo daga sama ba. A gidansu ya tashi ya tarar da kiɗa, ya yi shekaru a bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, kuma bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ci gaba. Duk wanda ya karanta ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗan baka ya san cewa 'yan amshi ba maimaita gindin waƙa kaɗai suke yi ba. Suna karɓa, suna ƙari, suna raka jagora, wani lokaci su ƙarasa masa maganar da ya fara. Layin amshi shi ne makarantar da ake yaye mawaƙa. Manyan fiyano na yanzu suna iya ɗaukar muryar mawaƙi su ninka ta ta zama kamar ta mutum uku, amma muryoyin nan uku ba za su taɓa ƙara masa kalma ɗaya da bai faɗa ba, kuma babu ɗayansu da zai girma ya gaje shi. Idan akwati ya haɗiye makaɗa goma, albashin mutum goma ya haɗiye, ya haɗa da ajin da na goma sha ɗaya zai zauna ya koya.

Sauran matsalolin na kowa ne ya sani, ba sai na ja su ba. Ƙananan fiyano suna aiki da batir, amma manyan da ake wasa da su sai wuta, lasifika ma haka. Yaron ya ce mini a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, zaman gida ya yi, domin ko an kira shi babu abin da zai zuba wa janareto, balle ma babu layin da za a kira shi. Da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan darajar Naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Nasa akwai guda biyu da ba sa magana, ya koyi kewaye su kamar mai tafiya a hanyar da ya san ramukanta. Wuta ta taɓa yin ƙarfi ta ƙona masa wani abu a ciki, sai da ya kai shi Kano, ya yi wata biyu babu sana'a. Fatar kalangu in ta fashe, akuya ce ke biya.

Duk da haka, idan aka tambaye ni wane ne abokin gabar makaɗan gargajiya a yau, ba zan nuna wannan yaro ba. Shi aƙalla yana kiɗa da hannunsa, yana kallon fili, kuma ya san lokacin da ya kamata ya yi shiru. Wanda ke cinye su duka biyun shi ne filas. Bukukuwa da yawa yanzu DJ ake ɗauka, mawaƙi ya zo da waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo da sunan ango da amarya a ciki, ya riƙe makirufo yana motsa baki. A can babu mai iya tsayar da komai domin wani dattijo ya shigo. Idan aka kwatanta da wannan, mai fiyano ɗan'uwan mai kalangu ne na kusa, kuma zai fi musu kyau su gane haka tun da wuri.

Abin da nake ganin zai yiwu ba mai wuya ba ne, kuma na ga alamarsa a cikin wancan minti ɗaya. Na'urar tana ba da dama a kashe gangunanta a bar sauran, ko a kashe rakiyar gaba ɗaya a riƙa bugawa da hannu. Idan aka yi haka, aka sa wa kalangu makirufo, sai ya zama shi ke jan gudu, fiyano yana cike masa gurbin sarewa da goge da amo mai kauri. Mutum uku ke nan maimakon biyu, har yanzu kabu-kabu zai ɗauke su. Sai dai hakan yana bukatar yaron ya iya kiɗa na gaske, ba dannawa da jira ba, kuma a nan ne za a tace masu fiyano, a ga gwani a ga ɗan tsako. Ɗaya aikin kuma na masu ilimi ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan tun 2013, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga kuma makaɗan ƙauyuka da rashin tsaro ya tattaro ya zube a Gusau da Tsafe, a bakin ƙofarta. Ba a taɓa samun lokacin da naɗar takensu da tarihin gidajen da suke yi wa kiɗa ya yi sauƙi kamar yanzu ba, kuma dalilin sauƙin abin baƙin ciki ne. In za a yi, a rubuta sunan kowane makaɗi a jikin abin da aka naɗa, a kuma biya shi, domin amon kalangun da ke yawo a filas ɗin yaran nan ma hannun wani ne, kuma ban ji an ce ya samu ko sisi ba.

Kafin a watse na ga yaron ya je ya tsuguna gaban tsohon, ya ce, “Baba, in an samu wani wasa, ko za ka riƙa bi na?” Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Ɗana, ni ba ni bin kowa. In dai tahiya tare ce, to.” Suka karɓi lambar juna, ta tsohon a wayar jikansa take.

Shekaranjiya uban amarya ya kira ni a kan wata magana daban, na tambaye shi labarinsu. Ya ce an kira su wani suna a Bunguɗu, sun je tare, kuma jama'a sun yaba. Sai dai har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba su daidaita a kan rabon liƙi ba. Yaron yana cewa a fara cire kuɗin fetur kafin a raba, tsohon yana cewa kalangunsa ba ya shan mai.